Jiragen Sinawa na 1421: Labari Mai Daɗi da Ya Rasa Shaida

Duk wanda ya san Bata a Kano, wato mahaɗar nan da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, ya san cewa a yau da wuya mutum ya ratsa ta bai taka ko ya taɓa kayan ƙasar Sin ba. Daga wayar hannu zuwa tocila, daga silifa zuwa atamfar da ake jibgewa a Kantin Kwari, hajar Sinawa ta zama ruwan dare. To, amma ba kaya kaɗai ke ƙetaro teku ba, har da labarai. Ɗaya daga cikin labaran da suka samu gindin zama a tsakanin 'yan bokonmu shi ne cewa wai Sinawa ne suka gano nahiyar Amurka a shekarar 1421, shekara 71 kafin Kolombus, kuma wai jagoran jiragen nasu Musulmi ne. Na sha jin wannan magana daga bakin likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki, mutanen da a fagen aikinsu ba sa karɓar takarda sai sun duba hatiminta. Ra'ayina a taƙaice shi ne, rabin labarin gaskiya ne tsantsa, ɗaya rabin kuwa ƙirƙira ce, kuma rabin ƙirƙirar yana neman ya danne na gaskiyar a daidai lokacin da muka fi bukatar sanin Sin yadda take.

Tushen maganar wani littafi ne mai suna 1421 da aka buga a Ingila a shekarar 2002. Marubucinsa, Gavin Menzies, tsohon hafsan sojan ruwan Birtaniya ne wanda ya taɓa jagorantar jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku tsakanin 1968 da 1970. An haife shi a 1937, ya rasu a 2020. Bai karanci tarihi a jami'a ba, wannan kuwa ba aibi ba ne, domin ilmi ba gadon gidan kowa ba ne. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne bai iya karanta Sinanci ba, alhali kuwa tarihin Sin ya ɗauki alwashin sake rubutawa. Da'awarsa ita ce, tsakanin 1421 da 1423 wasu rundunonin jiragen ruwa na daular Ming, a ƙarƙashin mataimakan babban kwamanda Zheng He, sun zagaye ƙarshen kudancin Afirka, sun ratsa tekun Atlantika, sun sauka a Amurka ta Arewa da ta Kudu, sun je Ostireliya da New Zealand, sun leƙa yankin ƙanƙara na kudancin duniya, har ma sun kewaye tsibirin Greenland. Ya ƙara da cewa taswirorin da suka zana ne suka faɗa hannun Turawa, su Kolombus da Magellan suka bi sawu. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, an fassara shi zuwa harsuna da dama, an kuma yi shirye-shiryen talabijin a kansa.

Kafin mu auna wannan da'awa, ya kamata mai karatu ya san abin da babu jayayya a kansa, domin shi kansa abin mamaki ne. An haifi Zheng He a 1371 a lardin Yunnan, a gidan Musulmi, sunansa na yanka Ma He, kuma mahaifinsa da kakansa duk ana kiransu da laƙabin Alhaji. Yana yaro sojojin Ming suka ci yankinsu da yaƙi, suka kama shi, aka mayar da shi baba, aka ba da shi ga gidan wani ɗan sarki wanda daga baya ya ƙwace mulki ya zama Sarki Yongle a 1402. Wannan sarki ne ya ɗora shi a kan rundunar jiragen ruwa. Daga 1405 zuwa 1433 rundunar ta yi tafiye-tafiye 7. A tafiyar farko kaɗai littattafan fada sun ambaci manyan jirage 62 da mutane fiye da 27,000. Idan aka tuna cewa Kolombus da jirage 3 ya fita a 1492, da mutanen da ba su kai 100 ba, za a gane cewa a wancan zamani babu wata daula a doron ƙasa da ke da irin wannan ƙarfi a kan ruwa. Jiragen sun je Malaka da Sri Lanka da Kalikut a gaɓar Indiya, sun kai Hormuz da Adan, sun kuma isa gaɓar gabashin Afirka, su Mogadishu da Barawa da Malindi. Har raƙumin dawa aka kai wa sarki a 1414 da 1415, fadawa suka yi ta yi masa kirari cewa dabbar nan ce ta almara wadda ba ta bayyana sai a zamanin adalin sarki. Ashe fadanci bai san iyakar ƙasa ba.

Ta yaya aka san duk wannan? An san shi ne domin shaidu sun taru daga wurare daban-daban, kuma ba su haɗa baki ba. Akwai kundin tarihin fadar Ming, wanda ya rubuta fitar jirage da dawowarsu. Akwai littattafan mutum 3 da suka shiga tafiyar da kansu, wato Ma Huan da Fei Xin da Gong Zhen. Ma Huan Musulmi ne, tafinta mai jin Larabci, kuma ya bayyana ƙasashen ɗaya bayan ɗaya, da abincinsu da ma'auninsu da kuɗinsu da yadda suke aure da jana'iza, har da babi guda a kan Makka. Akwai duwatsun da Zheng He ya sa aka sassaƙa a Liujiagang da Changle a shirin tafiyarsa ta ƙarshe, inda ya lissafa tafiye-tafiyen da ya yi da ƙasashen da aka kai. Akwai wani dutsen da aka tono a garin Galle na Sri Lanka a 1911, mai rubutu cikin Sinanci da Tamil da Farisanci, wanda ke ajiye a gidan tarihi na Kolombo. Marubutan tarihi na Yaman da Masar, waɗanda ba su da wata riba a yabon sarkin Sin, su ma sun ambaci zuwan jiragen Sinawa Adan. Sannan ga ƙasa da kanta ta ba da shaida: fasassun tangaran na Sin suna nan birjik a kufan garuruwan Sawahili irin su Gedi da Kilwa, ko da yake yawancinsu ta hannun fatake Larabawa da Indiyawa suka iso, tun kafin Zheng He da kuma bayansa.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Duk waɗannan shaidu sun tsaya cak a gabashin Afirka. Babu ko ɗaya da ya ambaci wata ƙasa a hayin Atlantika. Taswirar hanyoyin rundunar da aka adana a wani kundin dabarun yaƙi na ƙarni na 17 ita ma a gaɓar Afirka ta ƙare. Duwatsun Changle da Liujiagang kuwa an kafa su ne kusan shekara 10 bayan 1421, kuma manufarsu ita ce alfahari da nisan da aka kai. Mutumin da ya sa aka sassaƙa sunan Mogadishu a kan dutse don tinƙaho, yaya za a yi ya manta da nahiyoyi 2 sukutum?

Amsar Menzies ita ce wai manyan ma'aikatan fada, waɗanda ke ƙin tafiye-tafiyen saboda tsadarsu, sun lalata takardun. Gaskiya ne akwai irin wannan adawa, kuma gaskiya ne an dakatar da tafiye-tafiyen bayan rasuwar Yongle a 1424, kafin a yi ta ƙarshe a zamanin jikansa. Akwai ma riwayar cewa wani jami'i ya ɓoye ko ya ƙona wasu takardu shekaru da dama bayan haka. Amma lauyoyin da ke karanta wannan shafi sun san irin wannan hujja. Ita ce hujjar mai da'awar fili wanda idan aka ce ya kawo takarda sai ya ce gobara ta cinye, idan aka ce ya kawo maƙwabta sai ya ce duk sun ƙaura, sa'an nan ya buƙaci alƙali ya ɗauki rashin takardar a matsayin tabbacin cewa filin nasa ne. Wace irin gobara ce za ta zaɓi labarin Amurka kaɗai ta cinye, ta bar na Hormuz da Adan da Malindi a littafi da dutse?

Da ya rasa rubutu, sai marubucin ya koma tsintar alamomi a ko'ina cikin duniya. Wata hasumiyar dutse da ke Newport a jihar Rhode Island ta Amurka ya ce Sinawa ne suka gina ta, alhali bincike ya nuna ginin ƙarni na 17 ne, kuma gwamnan yankin na lokacin ya ambace ta a wasiyyarsa a matsayin injin niƙansa. Wasu jerin duwatsu a ƙarƙashin ruwa kusa da tsibirin Bimini ya ce wurin gyaran jirage ne, masana duwatsu kuwa suka ce halitta ce. Wasu mulmulallun duwatsu a gaɓar New Zealand ya danganta su da jiragen Sinawa, alhali sun girmi ɗan Adam da miliyoyin shekaru. Taswirar Pizzigano ta 1424, wadda ke nuna wasu tsibirai a Atlantika, ya ce tsibiran Karebiyan ne, ko da yake masu zanen taswira na Turai a wancan zamani sun saba cika teku da tsibiran da suka ji a almara. Inda ya ga sunan wani ƙauye ya yi kama da kalmar Sinanci, sai ya ƙirga shi cikin hujja.

Wannan dabara ta kamannin suna tana ba ni dariya, domin da ita babu abin da ba za a iya tabbatarwa ba. Ita kanta Bata da muka fara da ita, sunan kamfanin takalma ne da iyalin Bata suka kafa a garin Zlin na ƙasar Cek a 1894, kantinsa ya bar wa unguwar suna. Kasuwar Singa da ke kusa da ita sunan keken ɗinki na Amurka ta gada. Idan bayan shekara 600 wani mai zafin kai ya tono waɗannan sunaye, ya haɗa da tulin fasassun wayoyin Sin da zai tarar a ƙarƙashin ƙasa, zai iya rubuta littafi mai shafi 500 cewa mutanen Cek ne suka kafa Kano, Amurkawa suka raya ta, Sinawa suka gaje ta. Kowace alama da zai kawo gaskiya ce a kan kanta. Zaren da ya ɗinke su ne ƙarya.

Masana ba su yi shiru ba. Robert Finlay ya yi wa littafin filla-filla a mujallar tarihin duniya ta Journal of World History a 2004, ya nuna yadda zato a wani shafi ke rikiɗa ya zama tabbas a shafi na gaba, sa'an nan a gina wani zaton a kansa. Geoff Wade, masanin tarihin Ming da ke aiki a Singafo a lokacin, ya shafe shekaru yana bin da'awowin ɗaya bayan ɗaya. A 2006 gidan talabijin na ABC a Ostireliya ya yi shiri na musamman wanda ya bayyana cewa kamfanin ɗab'i ya biya fam 500,000 kafin fitar littafin, ya sa wani marubuci ya gyara masa zubi don ya yi daɗin karatu, amma bai damu da kai shi gaban masana tarihin Sin su tantance ba. A farkon wannan shekarar ce kuma wani lauya a Sin ya fito da wata taswira da ya ce an kwafe ta a 1763 daga ta 1418, kuma tana nuna duniya duka. Sai dai taswirar ta zana Kalifoniya a matsayin tsibiri, wanda kuskure ne sananne na Turawan ƙarni na 17. Ɗalibin da ya kwafi amsa har da kuskuren maƙwabcinsa ya riga ya tona wa kansa asiri. Shi kuwa Menzies bai ja da baya ba. A 2008 ya fitar da 1434, inda ya ce jiragen Sinawa sun je Italiya sun kunna wutar farfaɗowar ilmi a Turai, a 2011 kuma ya koma kan tsohuwar almarar Atlantis.

Domin a ga bambanci, a dubi yadda aka tabbatar da zuwan mutanen arewacin Turai gaɓar Kanada tun kafin Kolombus. Shekaru aru-aru labarin yana cikin tatsuniyoyinsu, masana suna ɗari-ɗari da shi. Sai a shekarun 1960 Helge Ingstad da matarsa Anne Stine suka tono kufan gidaje a L'Anse aux Meadows, da maƙera da ƙusoshin ƙarfe da abin kaɗi, aka ce yanzu magana ta fito. A 2021 ma an gano cewa an sare wasu itatuwan wurin a shekarar 1021 daidai. 'Yan mutane ƙalilan da suka yi zaman 'yan shekaru sun bar wannan sawu. Dubban Sinawa da aka ce sun kafa matsugunai daga Amurka zuwa New Zealand ba su bar kabari ɗaya ko murhu ɗaya da masu tono suka amince da shi ba. Wannan misali ya kuma rushe zargin da ake yi cewa masana suna kare martabar Kolombus ne kawai, domin da shaida ta zo sun sauke shi daga matsayin na farko ba tare da gardama ba.

Me ya sa labarin ya shiga ranmu haka? Ina ganin dalilin a fili yake, kuma ba na raina shi. Mu ne aka koya wa a makaranta cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara a 1796, alhali kakanninmu suna kamun kifi a cikinsa tun kafin a san da Sukotlan. Wanda aka yi wa irin wannan rainin hankali, duk ranar da ya ji an ce wani ya riga Bature, sai ya ji sanyi a ransa, balle a ce wanda ya riga shi ɗin ɗan Alhaji ne jikan Alhaji. Amma jin sanyi daban, hujja daban. Ko batun addinin Zheng He ma ya fi yadda ake ba da shi sarƙaƙiya, domin duwatsun da ya kafa a Sin na godiya ne ga wata abar bautar matuƙan jirgi, dutsen Galle kuma ya lissafa kyaututtuka ga wuraren ibadar addinai 3. Bawan sarki ne mai aiwatar da siyasar sarki. Abin da ke zuciyarsa kuwa Allah ne masani. Kuma idan an lura, kalmar ganowa ɗin kanta ita ce matsalar. Amurka cike take da al'ummomi masu birane da dauloli a 1421. Wanda ya cire sunan Kolombus ya sa na Zheng He bai gyara zaluncin da aka yi wa waɗannan mutane ba, ya dai sauya wa zaluncin riga ne.

Mu ma muna da namu 1421 ɗin. Al-Umari ya rubuta cewa lokacin da Mansa Musa ya sauka a Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji, ya ba da labarin sarkin da ya gabace shi, wanda ya aika jirage 200 na mutane da wasu 200 na guzuri don gano iyakar teku, ɗaya kaɗai ya dawo, sa'an nan shi da kansa ya fita da jirage 2,000 bai sake dawowa ba. Iyakar abin da riwayar ta faɗa ke nan. Ba ta ce ya isa ko'ina ba, ba ta ma ambaci sunansa ba. Sunan Abubakar na Biyu da aka liƙa masa, Nehemia Levtzion ya nuna tun 1963 cewa ya samo asali ne daga kuskuren fahimtar nassin Ibn Khaldun. Duk da haka, tun bayan littafin Ivan Van Sertima na 1976, ana ta maimaita cewa mutanen Mali sun sauka a Amurka kamar wani abu ne da aka gama tabbatarwa. Riwayar al-Umari taska ce, tana nuna cewa a fadar Mali an yi tunanin abin da ke bayan teku. Ƙara mata gishiri ba ya ƙara mata daraja, sai dai ya ba masu raina tarihin Afirka abin dariya.

Akwai kuma darasin da ya fi wannan kusa da gida. H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka wanda ya fassara Tarihin Kano zuwa Turanci a 1908, ya yi aiki mai amfani wajen tattara rubuce-rubuce, amma ya kamu da irin cutar Menzies. Duk inda ya ga sarauta ko gini ko tsari a ƙasar Hausa da Barno, sai ya nemo masa asali daga wasu baƙi farare na gabas ko arewa, yana dogara da kamannin sunaye. Sai da Abdullahi Smith ya zo a 1970 ya nuna cewa kafuwar birane da sarautu a ƙasar Hausa abu ne da ya tsiro daga cikin gida, daga noma da ƙira da kasuwa da ƙaura, almajiransa irin su Yusufu Bala Usman suka ɗora a kai. Abin takaici ne a ce jikokin waɗanda aka ƙwato wa tarihinsu daga hannun masu cewa kome daga baƙo ya zo, su ne kuma ke tafa wa mai cewa hasumiyar Amurka da ilmin Italiya duk daga jirgin baƙo suka sauka.

Ba mu da uzurin rashin sanin hanya. A lissafin Palmer, shekarar 1421 ita ce shekarar da Dauda ya hau gadon sarautar Kano, amma duk ɗalibin tarihi a Jami'ar Bayero ya san cewa wannan lissafi an gina shi ne a kan tsawon mulkin sarakuna, ana ƙirgawa baya, don haka ana riƙe shi da taka-tsantsan. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo a zamanin Yaji, a ƙarni na 14. A 1968 Muhammad al-Hajj ya buga wani rubutu na ƙarni na 17 a kan asalin Wangarawa wanda ya kawo zuwan Shehu Zagaiti kusa da zamanin Rumfa, kusan ƙarni guda bayan haka. Masananmu ba su ɓoye ɗaya don su kare ɗaya ba. Sun ajiye su gefe da gefe, suna tambayar wa ya rubuta, yaushe, don wa, kuma me yake so a yarda da shi. Tun kafin boko ma malaman hadisi sun koya mana haka. Maganar nan da ta shahara ta neman ilmi ko da a Sin ne, ma'anarta kyakkyawa ce, kowa yana son ta, amma manyan masu tantance riwaya irin su Ibn Hibban da Ibn al-Jauzi ba su bar kyanta ya hana su cewa isnadinta bai inganta ba.

Wani zai ce, to mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan jiragen da suka ruɓe shekara 600 da suka wuce? Dalilin shi ne tarihin Zheng He ya daɗe da zama kayan aikin diflomasiyya. A watan Oktoba na 2003 Shugaba Hu Jintao ya faɗa wa majalisar dokokin Ostireliya cewa jiragen Ming sun isa gaɓarsu tun shekarun 1420, maganar da babu inda take da tushe a kundin tarihin ƙasarsa, kuma yawancin masana tarihi na Sin ba su karɓi da'awar Menzies ba. A 2005 Sin ta yi bikin cika shekara 600 da tafiyar farko, ta kuma mayar da 11 ga Yuli ranar tunawa da sufurin teku. Saƙon da ake isarwa ga Afirka a kullum shi ne, mu mun zo da kyauta da ciniki, ba mu kama bawa ba, ba mu ƙwace ƙasa ba. Akwai gaskiya a ciki, domin rundunar ba ta kafa mulkin mallaka irin na Fotugal ba. Amma littattafan Ming da kansu sun rubuta cewa a 1407 ta murƙushe Chen Zuyi a Palembang tare da kashe dubban mutanensa, a 1411 ta kai wani mai mulkin Sri Lanka gaban sarkin Sin a matsayin fursuna, a 1415 kuma ta tsoma baki da makami a rikicin sarautar Samudera a Sumatra. Jirage ne masu ɗauke da siliki a sama da sojoji a ƙasa, kuma abin da suke nema shi ne sarakuna su amince da fifikon sarkin Sin. Daula ce kamar kowace daula, mai bukatunta.

Wannan shi ne sanin da zai amfani Kano. Fagge ta saba da baƙi tun tana zangon ayarin Sahara, Kwari kuma ta ga zamanin Kwarori kafin na Sinawa. Dangantakarmu da Sinawa ba ta da fuska ɗaya. Wani attajiri daga Hong Kong, Cha Chi Ming, shi ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, wadda ta ciyar da dubban gidaje a Arewa. Daga baya kuma yadin Sin mai araha yana cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙun Kano da Kaduna, tare da rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri da sakacinmu. A 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan kasuwar Sin 45 a Kwari, a 2015 marina suka yi zanga-zanga a Kano, a 2019 kuma fadar Kano ta naɗa Wakilin 'Yan China. Kamfanin Sin ne ya gina layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da bashin bankin Sin, kuma Nijeriya ta sa hannu a shirin nan na Ziri Ɗaya da Hanya Ɗaya a 2018. Mutumin da zai zauna a teburin ciniki da irin wannan ƙasa bai kamata ya je da tatsuniya a kansa ba, ko ta tsoro ko ta sha'awa. Wanda ya yarda da kyakkyawan labari don ya yi masa daɗi, ina tsoron haka zai yarda da kyakkyawar yarjejeniya bai karanta ƙananan sharuɗɗanta ba.

Abin da nake kira gare shi ba mai tsada ba ne. Littafin Ma Huan yana nan, J. V. G. Mills ya fassara shi zuwa Turanci tun 1970, kuma bai fi ƙarfin sashen tarihi da na harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello su mayar da shi Hausa ba. Babinsa na Makka kaɗai ya isa ya ja hankalin masu karatu daga Sakkwato har Maraɗi. Masu shirye-shiryen tarihi a gidajen rediyonmu su riƙa faɗa wa masu sauraro daga ina labari ya fito kafin su ce tarihi ya nuna. Attajiran Kwari da na Singa, waɗanda wasunsu sun fi sanin Guangzhou a kan Legas, za su iya ɗaukar nauyin ɗalibai biyu ko uku su koyi Sinanci mai zurfi, irin na karanta kundi da yarjejeniya, ba na taya kaya kaɗai ba. Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a 1971, cibiyoyin Confucius na farko a ƙasar nan kuma a Awka da Legas aka buɗe su. Gidan rediyon Sin kuwa ya fara watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, kuma akwai Sinawan da suka yi digiri a kan harshenmu, suna karanta jaridunmu ba tare da tafinta ba.